Shekarar da Aka Hana Tausa

Jiya da hantsi ina cikin ɗaki ina yi wa matar maƙwabcinmu tausa, cikinta wata bakwai, sai ga Rabi ta gidan Alhaji Audi, wadda ke koyon aikin jinya a Birni, ta shigo gaishe ni tare da ƙawayenta biyu. Suka raɓe a bakin ƙofa suna kallo. Da na gama, matar ta gyara zaninta ta fita, sai na ji Rabi tana ce wa ƙawayen, ƙasa-ƙasa wai don kada in ji: "Ai ba wani abu ba ne, mai ne kawai a shafa a murza. Da shafa da tausa duk ɗaya ne." Idona ya yi rauni, amma kunnena bai mutu ba. Ban tanka ba saboda idon baƙi, sai dai raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba. Wannan magana ta "duk ɗaya ne" na taɓa jin ta a bakin wani mutum, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, a zamanin Nasara, kuma saura ƙiris ta kashe wani yaro tun yana cikin uwarsa. Shi ya sa na aika a kira min ku yau, ke Rabi da ƙawayen naki. Ku zauna.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a ba jikin mutum ba ne, tulu ne. Gwaggo Dije, yayar mahaifina, ita ce ungozomar ƙauyenmu a nan gabashin Tsanyawa, kuma ita ta ɗauke ni bayan na yaye ɗana na fari. Ta kai ni gidan masu ginin tukwane, ta sa aka ba ni ɗanyen tulu wanda ba a gasa ba, yumɓunsa bai gama shan iska ba. Ta ce, "Hansai, ki bi shi da hannu tun daga wuya har gindi. Ina so ya yi santsi, ba na so ya lotsa." Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Kafin in kai tsakiyarsa babban yatsana ya shige ciki. Ta ɗauki ludayi ta ƙwala min a bayan hannu, ta ce, "Kin kashe mutum ɗaya. A kawo mata wani." Rani guda na yi ina ɓata wa mutanen nan tulu, suna sake cuɗa yumɓun suna yi min dariya, kafin Gwaggo ta bar ni in taɓa ko da kafaɗar mai ciki.

A kan tulun nan ta koya min cewa kowane motsin hannu da sunansa. Shafa ita ce ta tafin hannu, babu nauyi, da ita jikin mace ke fara sanin hannunki ya daina ɗari-ɗari. Murza ta babban yatsa ce, a zagaye, daidai inda jijiya ta ƙulle. Tausa da tudun hannu ake yi, a sa nauyi a hankali a ɗauke a hankali, ana bin numfashin matar: in ta sauke numfashi ki shiga, in ta ja ki fita. Matsa ta ƙugu ce, hannu biyu, gefe da gefe. Sai danna, wato a tara ƙarfi a tura. Sai taku, wanda ake yi da ƙafa. Waɗannan biyun na ƙarshe Gwaggo ta ce na ƙaton namiji ne da ya yini a kan garma, ya kwanta rubda ciki matarsa ta hau bayansa. Ta ce ranar da ta ji na danna ko na taka mai ciki, ko bayan ranta ne ba ta yafe min ba.

Kayan aikin duka ba su cika ƙwarya ɗaya ba. Ɗan tandu na man kaɗe, in babu shi man shanu. Kasko da garwashi biyu-uku, ba don mai cikin ba, don hannuna, saboda in kika ɗora wa mace hannu mai sanyi bayanta zai ƙara ƙullewa, aikin rabin yini ya ɓaci. Tsohon zane da nake naɗewa kamar gammo in sa mata tsakanin gwiwoyi. Majanyi mai faɗi na ɗaure ƙugu bayan an gama. Turmi kuwa kowane gida akwai, nakan kifa shi in shimfiɗa zane a kai, wadda ba ta iya kwanciya ta durƙusa ta jingina goshi da hannuwa, cikin ya rataya ya huta. Mai ciki a gefe take kwanciya, ba rigingine ba, balle rubda ciki. Wannan shi ne abin da ake fara koya wa mutum, kuma shi ne abin da na ga an manta a shekarar da zan ba ku labari.

Na tuna wata amarya a unguwar maƙera, cikin fari, aka aiko wai bayanta ke ciwo. To ku sani, mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta ce miki komai ba, kunya ta hana. Mara ce ke murɗa mata, "bayana ne." Ruwa ne ya fashe, "bayana ne." Ko mutuwa za ta yi, da "bayana ne" za ta tafi. Na ɗumama hannu na fara shafa, na ɗora tafin hagu a gefen cikin ba nauyi, sai na ji ya ɗaure tamau kamar ganga, can ya saki, can ya sake ɗaurewa. Na rufe tanduna na ce a kira Gwaggo. Kafin azahar yarinyar ta haihu. Da na biye wa bakinta na hau murza, ban san abin da zan jawo ba. Haka in kika ga fuska da ƙafa sun kumbura tana kukan ciwon kai, ko sha-raɓa ɗaya ta yi zafi ta hau, ba wurin tausa ba ne, ki naɗe hannunki. Rabin sana'ar nan sanin inda ba a taɓawa ne, shi ne ba a gani daga bakin ƙofa.

Uwani matar Sale ita ce labarin nan yake kanta. Ciki uku ta yi a baya, babu wanda ta goya: biyu sun zube, na ukun ta haife shi ba rai. Wannan na huɗu ne, kuma kowa a unguwar ya san yadda ake lallaɓa shi kamar ƙwai. Gwaggo Dije ta riga ta rasu a lokacin, aikin ya dawo hannuna. Tun cikin yana wata biyar nake zuwa mata duk bayan kwana uku, don Uwani siririya ce, cikin ya fi ƙarfin ƙugunta, ciwon yakan taso daga tsatso ya bi ɗuwawun dama ya sauka har dunduniya. In na gama mata sai ta miƙe ta ce, "Yaya Hansai, kamar an sauke min dami." Ta kan yi kwana biyu tana aikinta lafiya.

Shekarar ce ta ɗibar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, lokacin yaƙin Turawa. Kowane dagaci aka ce ya kawo maza, a tafi da su ko suna so ko ba sa so. Sale yana cikin waɗanda aka ɗiba, ana tsakar damina. Gidan ya rage daga uwarsa Inna Kande sai ƙanensa Garba sai Uwani. Haka gidaje da yawa suka koma. Matan da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka fita noma, da ciki da goyo. Da kaka ta yi, ga roron gyaɗa, ga sussuka, ga daka, ga jan ruwa a rijiya mai gaba goma sha wani abu. Duk gidan da ka leƙa mace ce tsaye dafe da ƙugu. Tunda nake ban taɓa aiki kamar na watannin nan ba, tudun hannuna har ya yi kanta.

Ana cikin haka labari ya zo cewa a wani gari can arewa da mu wata mata ta mutu a kan gwiwa. Naƙuda ta yi mata tsawo, wata tsohuwa da ba ta san komai ba ta hau cikinta da hannu biyu tana turawa, wai ta fito da ɗan. Aka rasa uwa da ɗa. Maganar ta kai kunnen Baturiyar asibiti, wadda kan fito rangadi ƙauyuka a mota. Ta zo ƙofar dagacinmu ta yi faɗanta. Ni ban je ba, amma daga baya na gane abin da matar ta ce gaskiya ne, shi ne abin da Gwaggo ta yi ta faɗa har ta mutu: kada a danna cikin mai ciki. Sai dai ba ta jin Hausa. Tana da tafinta, wani ɗan Birni mai jar dara da farar riga, wanda na tabbata bai taɓa sanin da wane gefe mai ciki ke kwanciya ba. Shi ya ɗauki maganar ya ba dagaci, dagaci ya ba mai shela.

Ranar kasuwa ina tsaye wajen mai man kaɗe na ji kiɗa, sai murya: "Jama'a, ana gaishe ku! Nasara ta ce, dagaci ya ce, daga yau kada a ƙara yi wa mai ciki tausa! Wadda aka kama, sai gaban alƙali, da ita da masu gidan!" Na tsaya da tandu a hannu kamar an dasa ni. Mai man ta dube ni ta ce, "To Hansai, in zuba ko in bari?" Na ce ta zuba. Amma wallahi takaicin tafintan nan ya ishe ni. Ga motsi shida, kowanne da sunansa, wanda ya yi kisan an san shi, mutumin nan ya tsallake shi ya kamo wanda ke raya mata ya ce shi ne mai laifi. Kuma don ya faɗa da jar dara a kansa, babu wanda ya ce masa kai.

Washegari na ɗauki ƙwaryata na nufi gidan su Uwani, don ranarta ce. Inna Kande ta tare ni a zaure, ko tabarma ba ta ba ni ba.

"Hansai, ki yi haƙuri ki koma."

"Haba Inna, kin fa san yadda yarinyar nan take. In na tsallake mata kwana uku ba za ta iya tashi ba."

"Na sani. Amma an ɗauke min Sale, saura Garba. Ana cewa za a sake ɗiba bayan kaka, kuma dagaci ne ke faɗar suna. Kina so in ba shi dalili?"

Ban ga laifinta ba a ranar, har yanzu ma ba nata nake gani ba. Na juya. Haka aka yi ta juya ni gida bayan gida. Matan da na riƙe ƙugunsu a ciki uku, huɗu, in mun haɗu a hanya sai su sunkuyar da kai. Na yi kwana goma sha biyu ban buɗe tandun nan ba.

Amma shela ba ta hana baya ciwo. A bakin rijiya na ji abin da mutane suka koma yi. Wata mata tana jan guga tana ba wata labari: ashe Talatu ta bayan kududdufi ta yi ɓari jiya, ɗa namiji, har da gashi. Na ce me ya same ta, lafiyayyar mace? Matar ta ce, "Bayanta ne ya riƙe, aka taka mata." Na ce aka me? Ta ce, "Aka taka mata. Ai shela tausa ta ce, ba ta ce taku ba. An ma haƙa rami a rairayi don cikin ya shiga kada ya matsu." Ta faɗa min haka tana naɗa gammo, kamar wadda ke faɗin dabarar dafa wake. Ta ƙara da cewa mata da yawa sun yi sun ji daɗi, ita Talatu dai ƙaddara ce, kuma ta ji Inna Kande ma ta sa an kawo mata rairayi da safen nan.

A nan na bar tuluna da gugana. Na biya gida na suri ƙwaryar aiki, na yanka ta cikin karan dawa da ba a kwashe ba, ban bi ta zaure ba, ta inda danga ta faɗi na shiga. Abin da na tarar har gobe yana idona. A tsakar gida, gindin rumbu, an zuba rairayi an ƙwaƙule tsakiyarsa kamar wurin ajiye tukunya. Uwani tana kwance rubda ciki a kai, cikin wata takwas a cikin ramin, fuskarta a jiƙe, tana cije da bakin zane. Inna Kande ta dafa rumbu da hannu ɗaya, ta riga ta ɗora ƙafar dama a kan tsatson yarinyar, tana shirin ɗaga ta hagu.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Inna, sauke ƙafarki!"

Ta firgita ta sauke, ta juyo. "Hansai, me ya shigo da ke? So kike ki ja mana?"

"Me kike yi haka?"

"Kwana huɗu ke nan ba ta miƙe ba, ko buta ba ta iya ɗauka. In zuba mata ido? Wannan ai ba a hana ba."

"Ba a hana ba! To Talatu ma ba a hana ba, jiya aka binne ɗanta. Ramin nan kabari kike haƙa wa jikanki, Inna, har kin auna shi daidai."

Na faɗi magana mai nauyi ga wadda a haife ta haife ni, na sani. Ta zauna daɓas a kan turmi ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa na durƙusa na ce wa Uwani kada ta yunƙura. Na sa hannu ɗaya a kafaɗarta ɗaya a ƙugu, na mirgino ta gefen hagu a hankali. Na ɗora tafi a kan cikin na jira. Shiru. Na jira. Can sai na ji an ɗan zungure ni daga ciki, sau ɗaya, sai kuma sau biyu.

Babu garwashi, sai na hura hannuna na goga su a cinya har suka ɗauki zafi. Na sa mata gammon zane tsakanin gwiwoyi, na tura wani ƙarƙashin cikin ya tallafe. Na fara da shafa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, gefe da gefen gadon baya, ba a kan ƙashin ba. Bayan nan nata ya sandare kamar katako, sai da na daɗe kafin ya yarda da ni. Sannan na sa tudun hannu a tsatso na bi numfashinta. A saman ɗuwawun dama na sami ƙullin, kamar ƙwallon goruba, na kewaye shi da babban yatsa, ina zuwa ina dawowa, ban taɓa afka masa kai tsaye ba. Da ya fara saki sai ta tsuke baki ta ce, "Wayyo, nan ne, Yaya." Na kifa wani turmin na durƙusar da ita a kai, na kama ƙugun da hannu biyu na matsa, in ƙirga numfashi biyar in saki. Daga hantsi har rana ta take tsaka muna abu ɗaya. Na ɗaure mata majanyi, na ce ta dafa ni. Ta miƙe tsaye. Ta taka da ƙafarta har bayan ɗaki, ta dawo ta ce yunwa take ji.

Inna Kande ta ɗauki tsintsiya ta share rairayin nan da kanta, ba ta ce min ko sannu ba. A ƙauyenmu gona manne take da gona, danga manne da danga, in ka yi tari a gidanka ana yi maka sannu a gida na uku. Kafin la'asar bafaden dagaci ya zo ya tafi da ni. Dagaci ya karɓe tanduna da kaskona, ya ce ba zai aika ni gaban alƙali ba sai Baturiya ta dawo ta ga wadda ta karya maganarta da idonta, nan da mako uku. Ya ce kafin nan in ya ji na taka gidan mai ciki zan gane kurena. Na ce na ji. Duk bayan kwana uku kuwa, in maza sun tafi sallar azahar, ta wajen dangar nan nake shiga, da man shanu a ƙunshe cikin ganye. Inna Kande takan ɗauki taskirar audugarta ta koma zaure ta zauna tana kaɗi, ta ba mu baya. Ba ta taɓa cewa in zo ba, ba ta kuma sake cewa in koma ba.

Ranar da Baturiyar ta zo, a gindin tsamiyar ƙofar dagaci aka ajiye mata kujera. Doguwa ce, fatarta ta yi ja don rana. Aka gurfanar da ni a gabanta, maza sun cika wurin. Ta yi magana, tafinta ya ce, "Ta ce ke ce mai danne wa mata ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa danna cikin kowa ba. Tausa nake yi, a baya."

Ya yi tsaki ya ce, "Ke, da tausa da danna ai duk ɗaya ne."

Nan na san daga ina ɓarnar ta fito. Na kuma san in na bar maganata ta bi ta bakinsa, a can za ta mutu. Sai na rarrafa gaba na miƙa wa matar hannuwana biyu, na nuna damtsenta. Bafade ya daka min tsawa. Ita kuwa ta dube ni, ta ɗaga masa hannu, ta naɗe hannun rigarta ta miƙo min. Na shafa, na ce, "Shafa." Na murza, na ce, "Murza." Na sa tudun hannu a naman damtsen na bi numfashinta sau uku, huɗu, na ce, "Tausa." Na ga kafaɗarta ta sauka, har ta ɗan lumshe ido. Sannan, Allah ya yafe min, na tara duk takaicin wata guda a babban yatsana na nutsa shi, na ce, "Danna!" Ta yi ƙara ta fizge hannu, dogarai suka zabura. Na nuna cikina na ce "danna", na kaɗa kai. Na nuna bayana na ce "tausa", na gyaɗa kai.

Ta daɗe tana kallona tana murza wurin. Ta maimaita kalmomin biyu da bakinta, a karkace, amma ta raba su. Sai ta juya kan tafinta da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga jar darar nan tana ta sunkuyawa. Can ya ɗago ya ce, "Ta ce a ƙyale ki, a ba ki kayanki."

Na ce, "Ka gaya mata saura ɗaya. Tunda aka yi shelar nan, taka bayan masu ciki ake yi da ƙafa, har an rasa ɗa." Na taka tabarma na nuna baya. Matar ta dube shi tana jiran fassara. Ya kalli dagaci, dagaci ya kalli ƙasa. Ya faɗa mata wani abu gajere, ta yi murmushi ta gyaɗa min kai. Ina jin ce mata ya yi ina godiya. Ta shiga motarta ta tafi, ban ƙara ganin ta ba.

Da ƙura ta lafa na ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, to a yi shela a warware." Ya ce, "Shelar da aka yi da sunan Nasara, mace ce za ta sa a janye? Ki ɗauki tandunki ki yi aikinki, ba mai kama ki." Shi ke nan. Ƙarya an yi mata kiɗa a tsakiyar kasuwa, gaskiya kuwa aka ce in ɗauke ta a ƙwarya in tafi gida. Wannan ya fi komai ƙona min rai, kuma har in mutu ba zai daina ba. Ni na zama mai shelar kaina. Na bi unguwa-unguwa, ruga-ruga, har ƙauyukan da ba a san ni ba, ina cewa an warware, ku daina taku. Wasu su yarda, wasu su ce ba su ji da kiɗa ba. Ban da Talatu, mata biyu na sani da suka rasa ciki a kan rairayin nan kafin damina ta kewayo. Tafintan kuwa na ji an ce har girma aka ƙara masa. Garba ma an ɗebe shi a zubi na gaba, ya dawo bayan wata huɗu da tarin da bai rabu da shi ba. Ko saboda ni ne, ko da ma sunansa yana ciki, Allah ne ya sani.

Uwani ta haihu wata Talata da walaha, a hannuna. Namiji, ƙato, ya tsala kukan da aka ji har rijiya. Inna Kande ta karɓe shi tana ta juya shi tana duba bayansa da ƙirjinsa, kamar mai neman sawun ƙafa. Kwana biyu kafin suna waɗanda aka sallamo daga kuza suka iso, ƙafa duk a fashe. Babu Sale a cikinsu. Suka ce sanyin can ya kama masa haƙarƙari, sun binne shi wajen wata biyu da suka wuce. Wato ranar da ƙafar nan take kan tsatson Uwani, abin da ya rage na Sale a duniya duka yana cikin ramin rairayin nan, babu wanda ya sani.

Aka raɗa wa yaro sunan ubansa, Salihu. Amma kun san yaron da aka haifa bayan ubansa ya rasu, da sunan da ake kiran sa. Ke Rabi, kina rubuta shi a bayan naki a takardun makaranta, ban sani ba ko kin taɓa tambayar me ya sa ake ce wa mahaifinki Audi. Kakarki Uwani ba ta ƙara aure ba, ba ta kuma ƙara haihuwa ba, shi kaɗai ne. Ba ta ba ki labarin nan ba don kunyar ɗan fari ba ta barin ta ko ambaton sunansa, shi kuma bai sani ba, yana ciki.

Shelar nan har yau ba a janye ta ba. Nasara ya tafi, dagacin ya rasu, ɗansa ya hau ya rasu, ni kuwa ina nan ina karya doka duk hantsi. Ba kuka na ce ki yi min ba, share idonki. Matso kusa, naɗe hannun rigar nan taki ki miƙo min damtsenki. Da shafa za mu fara.